Keken boris, allo mai taya, da yaron da aka daka saboda ya farke mota

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gidan ƙanwata, na riƙe wa ɗanta mai shekara tara tsarabar motar wasa, irin ta roba mai batir da ake tuƙawa da rimot. Bayan kwana biyar na sake biyawa ta gidan, sai na tarar ana shari'a a tsakar gida. Motar tana cikin kwandon shara an farke cikinta, yaron kuma yana rakuɓe a jikin bango, da gani ya sha dundu.

"Yaya, dubi ɓarnar da yaron nan ya yi," in ji uwarsa. "Ko sati abin nan bai yi ba."

Na kira shi na tambayi dalili. Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga ɗan injin motar, bai wuce girman dabino ba, wayoyi biyu, ja da baƙa, suna reto a jikinsa.

"Kawu, ai tayar ce ta karye tun shekaranjiya, kuma ta ƙi ɗauruwa. Injin lafiyarsa lau. So nake in yi fanka da shi."

Ban ce wa ƙanwata komai ba a gaban ɗanta, amma abin ya tsaya mini a rai. An yi ɓarna a gidan nan, babu shakka. Wanda ya ƙera tayar da za ta karye cikin kwana uku shi ya fara ta, ni da na saya na bi sahu, wadda ta jefa ragowar a shara ta ƙarasa. A cikinmu duka mutum ɗaya ne ya dubi abin da ya lalace ya nemi abin da za a mora a jikinsa, kuma shi aka daka. Tun ranar nake juya maganar, na ga ba matsalar gida ɗaya ba ce. Mun tashi da tunanin cewa tattalin iyayenmu da kakanninmu talauci ne kawai ya jawo shi, don haka da muka samu ɗan abin hannu sai muka yar da shi. Ba mu lura cewa a cikin tattalin nan akwai wata makaranta da hannun yaro yake koyon aiki ba, kuma mun rufe ta ba mu buɗe wata ba.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a biranen Arewa kafin kayan roba su cika kasuwa ya san keken boris. Ba a sayar da shi a ko'ina, sai dai ka haɗa abinka, kuma haɗa shi yakan ci mako biyu ko fi, domin neman kayan ma aiki ne. Boris ɗin a garejin makanikai ake samu. Za ka yi ta zarya, a aike ka sayo ruwan sanyi, ka riƙe fitila, ka miƙo sifana, har ranar da za a sauke tsohon boris daga wata mota, bakanike ya dube ka ya ce, "Kai yaro, ɗauki ka ba mu wuri." Uku ake so, babba ɗaya a gaba, ƙanana biyu a baya. Sai a wanke su da kananzir a cikin gwangwanin madara har yashin ciki ya fita, a ɗiga baƙin mai, a juya da yatsa a kasa kunne. Wanda ya yi ta juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci yana da sauran rai. Wanda ya yi ƙaras-ƙaras ya tsaya, sai dai a ajiye don musaya.

Katako kuwa guntayen da kafinta ya zubar ne. Ƙusa ba ma saya, daga jikin tsohon benci ko karyayyen akwati muke zarewa, mu ɗora a kan dutse mu miƙar da ita da wani dutsen. Inda gwaninta take shi ne fere sandar da za ta shiga ramin boris. In ta yi kauri ba za ta shiga ba, in ka zarce da fira ta yi sako-sako, tayar ta fice ana tsakiyar gudu. Wani abokinmu da ya girme mu da shekara biyu shi ya nuna mana dabarar: a bar sandar ta shiga da ƙyar, sannan a buga ƙusa a bakinta ta buɗe ta riƙe boris ɗin daram. Sitiyari wani katako ne a gicciye wanda noti ɗaya ya riƙe shi a tsakiya, ana juya shi da ƙafa ko da igiya. Birki guntun tsohon silifas ne. Sai a nemi wuri mai siminti, barandar makarantar firamare bayan an tashi, ko sabuwar kwalta da sassafe kafin motoci su fito, ɗaya ya hau, ɗaya ya tura, ƙarar tana tashi har layi na uku.

Babu wanda ya kira wannan darasi, amma a nan na gane cewa babbar taya ta fi ƙarama haye tsakuwa, cewa ƙusa in ta kusanci gefe katako tsagewa yake yi, cewa ɗanyen icce in ya bushe yana tsukewa, shi ya sa sandar da ta kama jiya yau take rawa. Daga baya na haɗu da wasu daga cikin waɗannan a littafin kimiyya, da sunayensu na Turanci, na tarar hannuna ya riga kaina saninsu.

Abin da ya ƙara tsaya mini shi ne labarin allon nan mai taya huɗu da Turawa ke kira siketbod, wanda matasanmu ke kallo a waya suna sha'awa, wasu har suna saya da tsada. Asalinsa bai bambanta da keken boris ba ko kaɗan. Yaran Amurka ne suka haɗa shi daga tsofaffin kaya.

Takalmi mai taya ya daɗe a ƙasar Turai. A wajen 1760 wani maƙeri ɗan Beljiyam, John Joseph Merlin, ya shiga wani taron biki a Landan a kan irinsa, ya kasa tsayawa, ya daki wani katon madubi ya fasa. Sai a 1863 wani Ba'amurke, James Plimpton, ya fito da mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya, da 'yar roba a tsakani, ta yadda in mutum ya karkata jikinsa tayoyin sai su juya su bi shi. Wannan dabarar ce har gobe take ƙarƙashin kowane allo mai taya. Irin takalmin da yaran Amurka suka tashi da shi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce na ƙarfe ne, ba takalmi ba ne cikakke, ƙasa ce kawai da ake maƙala wa takalmin da yaro ke sanye da shi, a ɗaure da wani ɗan makulli da yara kan rataya a wuya da zare. Ana iya ja masa tsawo ko a rage, saboda haka ƙafa ɗaya takan zaga gida, daga babban wa har auta. Kuma tun da ana ja masa tsawo, yana rabuwa gida biyu, gaba da baya.

Nan yaran suka ga ƙofa. In takalmin ya tsufa, ko wari ɗaya ya ɓata, sai su raba ragowar biyu, su kafa rabi a gaban wani dogon katako, rabi a baya, su ɗora akwatin katako na kayan marmari a tsaye a gaba, su buga sanda a samansa ta zama mariƙi. Irin wannan keken akwati ya cika titunan biranen Amurka a shekarun 1930 da 1940. Daga baya wasu suka cire akwatin suka tsaya a kan katakon kawai. A shekarun 1950 masu hawan igiyar ruwa a gaɓar tekun Kalifoniya suka rungumi abin, domin ranar da teku ya kwanta sai su hau allon a kan titi su rage zafi. Kamfanoni a baya suka biyo. Sai a 1959 kamfanin Roller Derby ya fara fitar da shi da yawa zuwa kantuna, a 1963 Larry Stevenson ya fara ƙera nasa da sunan Makaha, a watan Mayun 1965 kuma mujallar Life ta sa hoton wata matashiya, Patti McGee, a bangonta, tana tsaye da hannuwa a kan allon, ƙafafu a sama.

Bai daɗe ba kasuwar ta faɗi, kuma taya ce ta kayar da ita. Ta ƙarfe da wadda ta biyo bayanta, mai tauri kamar gasasshen yumɓu, ba sa riƙe ƙasa, 'yar tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da allon cak ta wurgar da mai shi. Duk wanda ya hau keken boris ya san wannan faɗuwar. Karaya ta yi yawa, likitoci suka yi ta gargaɗi, garuruwa suka hana. Sai a farkon shekarun 1970 wani matashi, Frank Nasworthy, ya ga tayoyin da wata masana'anta ke yi wa takalmi mai taya da wata irin roba mai laushi da riƙo, ya ɗaura su a allonsa, ya ga abin ya sauya baki ɗaya, ya kafa kamfanin Cadillac Wheels. Lokacin da fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, aka bar kududdufan wanka na gidaje a bushe, yara suka mayar da su wurin wasa, daga nan salon tashi sama ya samo asali. A Nowe gwamnati ta haramta allon daga 1978 har 1989, matasan ƙasar suka koma ƙera nasu a ɓoye suna wasa a cikin daji. Abin da ya faro daga warin tsohon takalmi da ƙusa huɗu shi ne ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, inda Momiji Nishiya 'yar Japan ta ci zinare a rukunin wasan titi na mata, Rayssa Leal 'yar Burazil ta ci azurfa, kowacce tana da shekara 13.

Waɗancan yaran da suka raba takalmi biyu ba daga sama dabarar ta faɗo musu ba. A gida suka gani. Iyayensu sun sha wahalar karyewar tattalin arziki da ta faro a 1929, lokacin da matan karkara ke ɗinka wa 'ya'yansu riguna da buhun fulawa da na abincin kaji, har kamfanonin suka lura suka fara buga wa buhunan zanen furanni don a fi sayen nasu. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da nasa ƙuncin. A Ingila daga 1941 har 1949 ba ka sayen tufa sai da takardar rabo, gwamnati da kanta take koya wa mutane faci da juya tsohuwar riga. Yaron da ya tashi yana ganin uwarsa tana warware tsohuwar rigar sanyi ta sake saƙa wata da zaren, ba sai an ce masa kada ya yar da warin takalmi ba.

Mu ma haka muka gani. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san kalmar shara ba sai ga abin da akuya ma ta ƙi. Ƙwarya in ta tsage ba ta yarwa, sai ta ajiye ta a kan rumbu har ranar da gyartai zai biyo ta layin, ya zauna a zaure da basillarsa ya ɗinke ta, ta koma awon hatsi. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, daga majanyi ya koma tsumman goge-goge, daga nan a yayyaga a yi gammo. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin gishiri ko fitilar aci-bal-bal. Bokitin roba in ya fashe akwai mai liƙi da yake yawo da garwashi da guntun ƙarfe. Ƙanzon tuwo ba a zubarwa, a shanya shi, ran da aka rasa cefane a jiƙa. Na taɓa jefar da wani guntun igiya a gabanta, ta sa na ɗauko, ta naɗe shi a yatsa ta soke a jikin danga, ta ce, "Ɗan nan, ran da za ka neme shi ba kuɗinsa ne zai dame ka ba, rashinsa ne." Bayan sati da shi muka ɗaure sitiyarin keken boris. Ita ba ta karanta littafin kowa kan tattali ba, amma ta san ayar da ke cikin Suratul Isra'i da ta kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu, ta kuma san abin da aka ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ina yi wa talauci kwalliya. Za a ce kakata ba don sha'awa take ɗinke ƙwarya ba, da tana da kuɗin sabuwa da ta saya, mu ma da an ba mu keken kanti da babu mai waiwayar boris. Akwai gaskiya a nan. Rashi ba abin marmari ba ne, kuma ba na yi wa ɗan kowa fatan ya taka tsatsar ƙusa da ƙafa ba takalmi kamar yadda muka taka. Yaran da ke yawon bola jari da buhu a kafaɗa, suna tonon juji da hannu lokacin da ya kamata suna aji, ba wasa suke ba, ba kuma koyo suke ba, neman abin kai wa baki suke, kuma abin kunya ne gare mu. Haka ɗan'uwanmu da cutar shan inna ta kwantar, wanda ke zaune a kan katako mai boris huɗu yana tura kansa da silifas a hannu tsakanin motoci a danja. Shi ma allo mai taya ne, amma hakkinsa keke ne mai kyau da hanyar da zai bi lafiya. Duk wanda ya kalli wannan katakon ya tsaya yabon dabara kawai, ya bar mutumin a rana, bai yi adalci ba.

Sai dai ko a nan a dubi abin da hannu ya yi. A kan irin wannan katakon ne aka kafa wasan ƙwallon ƙafa na masu lalurar shan inna, wanda Misbahu Lawan Didi ya assasa a 1988, yau jihohi suna da ƙungiyoyinsu, ana buga irinsa har a Gana. A Kano kuma Aminu Ahmed Tudun Wada da abokan aikinsa, waɗanda su ma cutar ta shafa, suka kafa wurin walda suna ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Ba su jira an kawo daga waje ba. Rashi ne ya tura su, gaskiya ne, amma rashi shi kaɗai ba ya ƙera komai. Da yana yi, da duk matalauci maƙeri ne. Abin da ke ƙerawa shi ne idon da ya saba kallon tsohon ƙarfe ya ga taya a cikinsa, da hannun da ya saba gwadawa ya ɓata ya sake. Wannan kuwa ana iya ba yaro shi ba tare da an ba shi yunwa ba. Mu sai muka haɗa su biyun muka zubar tare.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Kayan yanzu da gangan ake yin da yawansu don kada su gyaru. Motar da na kai wa yaron nan babu noti ko ɗaya a jikinta, narka robar aka yi aka manne, shi ya sa sai da wuƙa ya buɗe ta. Wannan ɗabi'ar ta daɗe: tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan fitila, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Sakamakon yana kan jujinmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Yanzu Turawan da kansu sun juyo. A 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa wayoyi da injinan wanki maki cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ba mai saye hakkin a gyara masa kayansa. Abin da gyartai yake yi a zauren kakata shi suke ƙoƙarin dawo da shi da doka, mu kuma muna jin kunyar a gan mu da facin takalmi.

Kunyar nan ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mun kai inda yaro in ya fito da motar langa-langa ko ta karan dawa da ya ƙera, uwarsa za ta janye shi ciki don kada maƙwabta su ce ba a iya saya masa ta kanti ba. In an sa shi koyon sana'a ana ganin boko ne ya gagare shi. Alhali ka shiga Panteka a Kaduna ka ga abin da ake fitarwa daga tsohon ƙarfe, injin markaɗe, murhu, tukwane, ƙofofi, har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ga ya dace ta haɗa gwiwa da su a ba masu koyo takardar shaida. Ka je kasuwar Katako a Yamai ka ga yadda gwangwanin lemo ke narkewa ya fito tukunya, ko Suame a Kumasi inda ake tayar da motar da aka yanke wa ƙauna. Ka tambayi dattawan wuraren nan da me suka fara, za ka ji da yawansu sun ce motar gwangwani. A Goma ta ƙasar Kwango keken katako mai suna cukudu, wanda ɗan'uwan keken boris ne da ya girma, shi ke dakon buhuna daga gona zuwa kasuwa, mutanen garin ba su ji kunyarsa ba, mutum-mutuminsa suka kafa a tsakiyar gari a 2009. A unguwar Kitintale ta Kampala kuwa, wani matashi, Jackson Mubiru, da abokansa ba su jira gwamnati ba, a 2006 suka gina filin wasan allo mai taya da bulo da siminti da hannunsu.

Makaranta ce ya kamata ta cike gurbin, ita ma ta sake. A zamaninmu akwai darasin aikin hannu, ka saƙa faifai ko mafici ko igiya ka kawo a duba a ba ka maki. Yau a makarantu da yawa an mayar da shi kuɗi: ƙarshen zango yaro ya kawo tsintsiya ko sabulu daga kanti, ko ya ba da 'yan canji, a rubuta masa ya ci. Wato muna koya masa tun yana ƙarami cewa abin da ya kamata ya yi da hannunsa ana iya saye a ce shi ya yi. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 an yi niyya mai kyau, an sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san su. Mun nemi fara ginin daga sama. Abin da yaron firamare yake buƙata bai kai haka tsada ba: guduma, zarto, filaya, sukudireba, tarin guntayen katako da tsofaffin rediyo da fanka da aka daina amfani da su, awa biyu a mako, da wani kafinta ko bakanike na unguwa da za a biya shi ya tsaya a kansu. Kowace ƙaramar hukuma tana iya wannan, kowace ƙungiyar iyaye da malamai ma tana iyawa. Kuma a haɗa da 'yan mata. A zamaninmu su aka bari da 'yar tsana da tuwon ƙasa, aka ce boris na maza ne, ban ga dalilin da za a maimaita wannan ba.

Sai wurin wasa. Mu mun samu baranda da fili da kwaltar da mota ba ta dame ta ba. Yau filin unguwa an yanka an sayar, barandar makaranta an kewaye da katanga an sa kwaɗo, layin kuma babura da adaidaita sahu sun cinye shi. Uwar da ta hana ɗanta fita da keken katako ba ta yi laifi ba, tsoronta na gaskiya ne. Amma maganin ba shi ne a kulle yaro a ɗaki da waya ba. Dandamalin siminti ɗaya a harabar makarantar unguwa, a buɗe shi bayan la'asar da ranakun hutu, da dattijo ɗaya mai sa ido, bai kai kuɗin fentin ƙofar shiga gari da ake sabuntawa duk shekara ba. Masu unguwanni da kansiloli su ne ya kamata su riƙe wannan maganar.

Abin da ya rage na cikin gida ne, shi kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. Fankar da ta mutu, kafin a miƙa wa 'yan gwangwan, a cire ta daga wuta a ba yaro da sukudireba ya ga cikinta. In takalmi ya tsinke a tafi da shi wurin mai gyara ya tsaya ya kalla. In ya ɓata abu wajen gwaji a tambaye shi me yake nema kafin a ɗaga hannu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, haka muke faɗa, amma sai an bar yaro ya riƙe gatarin.

Daga baya na samu ƙanwata ita kaɗai muka yi maganar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ni tsorona kada ya saba da lalata kaya." Na ce mata ta tuna wa yake gyara mata dutsen guga da soket duk lokacin da na zo, ta kuma tuna a ina na koya. Ta yi dariya ta ce ta tuna dukan da na sha a kan rediyon Baba.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauki yaron muka je garejin da nake kai motata. Na gaya wa mai garejin abin da muke nema. Ya ajiye sifana, ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "Alhaji, rabon da wani yaro ya zo nan neman boris har na manta." Ya shiga ciki ya yi ta tone-tone a wani tsohon bokiti, ya fito da guda biyar ya zube a gaban yaron, ya ce ya zaɓi uku da kansa. Yaron ya tsaya yana kallona. Na ce ya ɗauki ɗaya ya juya da yatsa ya kasa kunne. Na farko ya yi ƙaras-ƙaras ya tsaya. Ya ajiye shi gefe, ya ɗauki na biyu.